Sallamar ma'aikata 60 da aka janye: nazarin abin da ya faru a kamfanin Endenburg a 1976

A shekarar 1976 wata masana'antar ƙera jiragen ruwa da ke yankin Rotadam, a ƙasar Holan, ta rufe ba zato ba tsammani. Rufewar ba ta tsaya kan ma'aikatanta kaɗai ba, domin akwai kamfanoni da yawa da abincinsu ke rataye a wuyanta, kuma cikinsu har da Endenburg Elektrotechniek, wani matsakaicin kamfani da ke aikin shimfiɗa wayoyi da haɗa kayan lantarki a jiragen ruwa da gine-gine. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na cinikin kamfanin daga wannan masana'anta yake zuwa, sai ga shi ya salwanta a dare ɗaya. Majalisar daraktoci ta zauna, ta duba abin da ke shigowa da abin da ke fita, ta yanke hukuncin da kusan kowace majalisa irinta za ta yanke a irin wannan hali, wato a sallami ma'aikata 60, mafi yawansu daga sashen aikin jiragen ruwa.

An sanar da hukuncin, amma ba a kai ga zartar da shi yadda aka tsara ba. Wani ma'aikaci daga cikin masu haɗa kayan lantarki, wanda ba shi da wani muƙami, ya kawo shawara, shawarar ta yi ta hawa mataki-mataki har ta isa gaban majalisar, majalisar kuma ta janye daga matsayinta. Ba a yi yajin aiki ba, ba a je kotu ba, kuma ba roƙon mai kamfani aka yi har ya ji tausayi ba. Shekaru kaɗan kafin nan kamfanin ya shimfiɗa wa kansa hanyar yanke hukunci bisa amincewar waɗanda abin ya shafa, kuma wannan rikici ne ya gwada ko hanyar za ta iya ɗaukar kaya mai nauyi.

Ya kamata a fara da yi wa majalisar adalci, domin tsoronta yana da tushe. Rotadam a lokacin ita ce tashar jiragen ruwa mafi girma a duniya, matsayin da ta riƙe daga 1962 har zuwa 2004, kuma dubban magidanta a yankin da ƙera jirgi da gyaransa suke ciyar da iyalinsu. Sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sanya wa Holan takunkumi, har gwamnati ta hana tuƙa mota a ranakun Lahadi na wani lokaci. Odar manyan tankokin dakon mai ta faɗi warwas a duniya baki ɗaya, ɗan abin da ya rage kuma masana'antun Japan suna yin sa da araha. Harkar ba ta sake komawa yadda take ba, domin a 1983 rukunin RSV, wanda shi ne mafi girma a ƙera jirage a ƙasar, shi ma ya durƙushe. Saboda haka tsoron da daraktocin suka ji game da makomar aikin jirgi yana kan hanya. Haka kuma wanda ya ga yadda masaƙun Kaduna da Kano suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya ya san abin da takardar sallama take nufi ga mai iyali, don haka ba sai an tsaya bayanin halin da mutum 60 ɗin suka kwana a ciki ba.

Asalin hanyar da kamfanin yake bi yana komawa ne ga wata makaranta a garin Bilthoven, kusa da birnin Utrecht, wadda wani malami mai suna Kees Boeke ya kafa a 1926 tare da matarsa Betty, 'yar gidan Cadbury masu yin cakulan a Ingila. Su biyun sun sha tarbiyyar wata ɗariƙar Kiristoci da ake kira Kweka, wadda mabiyanta ba sa kaɗa ƙuri'a a tarukansu, sai dai su zauna su saurari juna har a kai ga matsayar da jama'ar wurin za su iya ɗauka tare. Boeke ya ɗauko wannan al'ada ya kai ta cikin makaranta, inda yara da malamai ke haɗuwa a kai a kai su tattauna yadda za a tafiyar da al'amuran makarantar, kuma ba a zartar da abu sai an samo mafitar da kowa zai iya karɓa. Makarantar ta yi suna har 'ya'yan gidan sarautar Holan uku suka yi karatu a cikinta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ciki har da Beatrix wadda ta hau gadon sarauta a 1980. A 1945 Boeke ya rubuta maƙala a kan wannan salo na mulki, ya kira shi sosiyokrasiyya, kalmar da masanin zamantakewa na Faransa Auguste Comte ya fara amfani da ita tun a ƙarni na 19, ma'anarta kuwa mulkin abokan zama, wato mutanen da suka san juna kuma aiki ɗaya ya haɗa su.

Cikin yaran da suka zauna a wannan makaranta akwai Gerard Endenburg, wanda aka haifa a 1933. Ya girma ya zama injiniyan lantarki, ya yi aiki da kamfanin Philips, sannan a 1968 ya karɓi ragamar kamfanin iyayensa a Rotadam. Bai manta da abin da ya gani yana yaro ba, amma ya gane cewa ba za a iya kwafo shi kai tsaye a kawo cikin masana'anta ba. Salon Boeke ya dogara ne kan ƙauna da aminci tsakanin 'yan makaranta, kuma idan aka kasa cimma matsaya sai a bar abu yadda yake har wani zama. A kamfani kuwa ma'aikata suna zuwa suna tafiya, ba dole ne su so juna ba, ga abokin ciniki yana jiran kayansa a ranar da aka yi masa alkawari. Endenburg ya ɗauki shekaru yana gwaji a cikin kamfaninsa, yana duban al'amarin da idon injiniya, har zuwa farkon shekarun 1970 tsarin ya tsaya da ƙafarsa.

Babban sauyin da ya kawo yana cikin tambayar da ake yi wa mahalarta zama. A tsarin ƙuri'a ana tambaya ne su wa ke goyon baya, a ƙirga hannuwa, masu rinjaye su tafi da hukunci, marasa rinjaye su haƙura ko da kuwa su ne suka hango ramin da ke gaba. A tsarin neman baki ya zo ɗaya ana jira ne sai kowa ya ce ya gamsu, abin da kan iya cin watanni. Endenburg ya juya tambayar, ya ce a tambayi kowane mutum ko yana da wata hujja mai nauyi da za ta hana a ɗauki wannan mataki. Mutum yana iya ganin cewa da shi kaɗai ne da wata hanya zai bi, amma duk da haka ya ce ba shi da ja, domin shawarar tana cikin abin da zai iya aiki da shi. Idan kuwa yana da ja, to wajibi ne ya faɗi dalilinsa a fili yadda sauran za su fahimta, kuma dalilin ya kasance ya shafi manufar aikin da ya haɗa su, ba son rai ba. Da zarar an ji hujjar, ta tashi daga wuyan mai ita ta zama nauyin zaman gaba ɗaya, a gyara shawarar har hujjar ta kau.

Wannan tunani daga sana'arsa ya ɗauko shi. Kowace na'ura tana da iyakar zafi da nauyin da za ta iya jurewa, a cikin wannan iyaka tana aiki lafiya, idan aka ƙetare ta kuma sai ta ƙone. Haka yake kallon mutum a wurin aiki, kuma a wajensa ja mai hujja alama ce da ke nuna cewa an kusa ƙetare iyakar wani sashe na kamfanin. Misalin da masu koyar da tsarin suka fi kawowa shi ne na'urar ɗumama ɗaki da ake amfani da ita a ƙasashen sanyi. Akwai ɓangaren da ke ba da umarni, akwai tukunyar da ke samar da zafi, akwai kuma ma'aunin da ke dawo da labarin yadda ɗakin yake. Idan aka yanke wayar ma'aunin, tukunya za ta ci gaba da ci har ɗaki ya gagari zama, alhali mai ba da umarni bai san abin da ake ciki ba.

A aikace an raba kamfanin zuwa rukunai da ake kira da'ira. Kowane ƙaramin sashe yana da da'irarsa, wadda ta ƙunshi duk masu aiki a wurin tare da shugabansu, kuma suna zama lokaci-lokaci su tsara ƙa'idojin aikinsu. A samansu akwai da'irar babban sashe, sai babbar da'ira da ta haɗa shugabannin sassa da babban manaja, sai kuma da'irar ƙoli, wato majalisar daraktoci, inda ake da masana daga wajen kamfani. Aikin yau da kullum bai sauya ba, shugaban sashe shi ke raba aiki da safe kuma ana bin umarninsa. Ƙa'idojin da shi kansa yake aiki a ƙarƙashinsu ne ake yanke su a zaman da'ira, inda bakinsa da na ƙaramin ma'aikaci suke daidai. Abin da ya ɗaure da'irorin da juna shi ne igiya biyu. Ta farko ita ce shugaban sashe, wanda ke sauko da manufa daga sama. Ta biyu kuma wakili ne da 'yan da'irar suka zaɓa da kansu, wanda ke zama a da'irar da ke sama a matsayin cikakken ɗan majalisa, kuma ana tambayarsa ko yana da ja kamar yadda ake tambayar kowa. Dalilin Endenburg shi ne, mutum ɗaya ba zai iya zama mai kawo umarni kuma mai kai kuka a lokaci guda ba, domin dole ɗaya ya danne ɗaya, kuma kusan kullum kukan ne ake dannewa.

Zaɓen wakili ma yana da nasa salo, kuma ya dace a kalle shi a kusa. Ba a tsayawa takara, ba a kuma ɓoye ƙuri'a. Ana fara bayyana aikin da ake so a yi da irin mutumin da ya dace da shi, sai kowa ya ɗauki 'yar takarda ya rubuta sunansa da sunan wanda yake ganin ya cancanta. Mai gudanar da zama ya tattara takardun, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowa dalilinsa, wanda ake magana a kansa yana zaune yana ji. Bayan an ji dalilai sai a ba kowa damar sauya ra'ayi, sannan mai gudanarwa ya gabatar da suna ɗaya bisa ƙarfin hujjojin da aka ji, ba bisa yawan takardu ba, ya sake zagayawa yana tambayar ko akwai ja, wanda aka gabatar kuma shi ake tambaya a ƙarshe.

Da wannan shiri a ƙasa aka wayi gari da sanarwar sallama. Ma'aikacin nan ya nemi sakataren da'irarsu ya kira taron gaggawa, kuma tsarin ya ba shi wannan dama. A zaman ya ce a jinkirta sallamar da 'yan makonni, a cikin wannan lokaci kuma duk waɗanda aikinsu ya tsaya a tura su neman sababbin kwangiloli, maimakon a bar wannan nauyi a kan 'yan tsirarun da aikinsu ke nan. Abokan aikinsa suka ga maganar tana da ma'ana, amma ta fi ƙarfin da'irarsu, sai suka zaɓe shi wakili na wucin gadi ya kai ta gaba. Haka ya hau har babbar da'ira, inda manajoji suka saurare shi, suka tattauna, suka amince da jinkirin wata ɗaya. Sai dai biyan albashin mutum 60 na tsawon wata guda ba tare da aikin da ke kawo kuɗi ba yana nufin taɓa kuɗin ajiyar kamfani, wannan kuwa hurumin majalisar daraktoci ne. Babbar da'ira ta sake zaɓensa a matsayin ƙarin wakili na wucin gadi, ya shiga zaman majalisar da ta yanke hukuncin tun farko. An yi muhawara mai zafi, a ƙarshe majalisar ta amince da jinkirin.

Daga nan mutanen da suka saba da filaya da sukudireba suka bazama neman aiki a wuraren da kamfanin bai saba shiga ba. Cikin 'yan makonni aka samu sababbin ayyukan da suka isa a sake ɗage sallamar, daga bisani kuma mafi yawan mutum 60 ɗin suka ci gaba da aikinsu. Kamfanin ya fita daga rikicin da abokan ciniki iri-iri, bai sake rataya kaso mai yawa haka a wuyan masana'anta ɗaya ba.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci a wannan lamari shi ne siffar shawarar kanta, domin ita ce ta sa amincewa ta yiwu. Da ma'aikacin ya tashi ya ce kada a sallami kowa har abada, da daraktoci suna da hujja mai nauyi ta ƙin yarda, tunda hakan zai iya cinye ajiyar kamfani ya jefa sauran ma'aikata cikin halaka. Shi kuwa jinkiri na ɗan lokaci ya nema, abin da ake iya lissafa kuɗinsa tun kafin a fara, kuma ake iya auna sakamakonsa idan wa'adi ya cika. Saboda haka ba a buƙaci kowane darakta ya gaskata cewa dabarar za ta yi nasara ba. Mai shakka yana iya riƙe shakkarsa, abin da kawai aka tambaye shi shi ne ko jinkirin wata guda zai yi wa kamfani illar da ba za ta gyaru ba, kuma a nan hujja ta ƙare masa. Masu koyar da tsarin a shekarun baya-bayan nan suna taƙaita wannan ma'auni da cewa shawara ta wadatar a yanzu, kuma ba hatsari a gwada ta. Da ƙuri'a aka kaɗa a kan wa ya yi imani da dabarar, mai yiwuwa ne da ta faɗi, domin mutanen da suka san lissafi ba su da dalilin zaton cewa masu haɗa waya za su iya kawo ciniki.

Abu na biyu shi ne, mai shawarar da bakinsa ya isar da ita tun daga ƙasa har ƙoli. Duk wanda ya yi aiki a ma'aikata ya san yadda magana ke ramewa a hanya. Ƙaramin ma'aikaci ya faɗa wa shugabansa, shugaban ya rage mata kaifi don kada a ce yana ja da na sama, na gaba ya ƙara ragewa, kafin ta isa inda ake yanke hukunci ta koma "ma'aikata suna cikin damuwa", maganar da kowa ya riga ya sani kuma ba ta sauya komai. A nan kuwa wanda ya yi tunanin shi ya tsaya gaban daraktoci, shi ya amsa tambayoyinsu, kuma yana zaune ne a matsayin wanda dole a tambaye shi ko yana da ja kafin a rufe magana. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda aka gayyata ya yi bayani ya fita a yanke hukunci a bayansa, da wanda kujerarsa take cikin zagayen.

Akwai kuma batun zartarwa, wanda sau da yawa ake mantawa da shi idan ana kukan cewa neman amincewa yana cin lokaci. A ce babban manaja ne ya tashi da safe ya umarci masu haɗa kayan lantarki su ajiye kayan aikinsu su tafi ƙwanƙwasa ƙofofin mutane, da wuya a ga ƙwazon da aka gani, domin wasu za su ɗauka wulaƙanci ne, wasu kuma su ɗauka dabara ce ta ɗora musu laifi idan an tashi korarsu. Amma shawarar daga cikinsu ta fito, an tambaye su, sun ce ba su da ja, don haka nasararta tasu ce, faɗuwarta ma tasu ce. Lokacin da aka kashe a zaman da'irori an fanshe shi a wajen aiki, tunda ba a tsaya lallashin kowa ko gadinsa ba.

Wani abin lura da masu yabon tsarin ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne, hukuncin farko na sallamar ma a ƙarƙashin wannan tsari aka yanke shi. Majalisar ta zauna bisa ƙa'ida, kuma duk da haka dabarar da ta ceci ayyukan ba ta zo wa kowa a cikinta ba. Wannan yana nuna cewa rashin ja a zama ɗaya ba ya tabbatar da cewa an dace da mafi kyawun hukunci, yana nuna ne kawai cewa waɗanda ke ɗakin ba su hango matsala ba a wannan lokaci. Ƙarfin tsarin ya bayyana ne a abin da ya biyo baya, wato hukunci bai zama dutse ba, kuma akwai sananniyar ƙofa da sabuwar hujja za ta bi ta dawo da shi kan tebur ba tare da wani ya ji an ci masa fuska ba. Daraktocin da suka janye ba su faɗi wata ƙuri'a ba, sun samu labarin da ba su da shi jiya ne, suka gyara.

Duk da haka, bai dace a ɗauki labarin a matsayin maganin kowace cuta ba. Kamfanin yana da ajiyar da za ta ɗauki albashin wata guda, kuma yana zaune a birni mai yawan masana'antu da gine-gine, inda mai neman aikin lantarki zai iya samu idan ya dage. Da babu ɗaya daga cikin waɗannan biyu, da duk kyawun zaman bai hana sallama ba, sai dai a ce an yi ta da sanin kowa. Kamfanin kuma ba mai dubban ma'aikata ba ne, matakan da ke tsakanin mai haɗa waya da darakta ba su da yawa. Sannan labarin ya fi yaɗuwa ne ta bakin Endenburg da waɗanda suka yi aiki da shi ko suka yi karatu a wajensa, mutanen da suka yi imani da tsarin, kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce ya fi ba da labarin ranar da ya yi nasara.

Babban sharaɗin da na fi jin tsoron a yi sakaci da shi shi ne 'yancin buɗe baki. Na taɓa zama a taron wata ƙungiyar ci gaban unguwa inda aka kawo maganar ƙara kuɗin wata-wata. Shugaba ya gama bayani, ya ɗaga kai ya ce, "Jama'a, akwai mai magana?" Aka yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, wani dattijo a gaba ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yadda ka ce haka za a yi." Sakatare ya rubuta cewa an amince baki ɗaya, aka yi addu'a aka tashi. Ba a kai ga sanya takalma ba sai ga mutane uku-uku a bakin ƙofa, wannan yana cewa shi albashinsa ba zai ɗauka ba, wancan yana cewa ai ba a ba da lissafin kuɗin bara ba. Hujjoji ne masu nauyi, da an ji su a ciki da an gyara shawarar cikin minti goma, amma kunya da girmama na gaba suka hana, kuma wata uku bayan haka mafi yawan mutane sun daina biya. Rashin ja irin wannan ba amincewa ba ce. Shi ya sa a tsarin Endenburg ba a jefa tambaya a tsakiyar taro a jira mai ƙarfin hali, ana bin mutane ne ɗaya bayan ɗaya, a kira kowa a tambaye shi, ta yadda faɗin ra'ayi zai zama amsa kira, ba katsalandan a gaban manya ba. Ma'aikacin Rotadam ya iya neman taron gaggawa ne saboda ya yi shekaru yana zama a da'ira, ana tambayarsa a kan ƙananan al'amura irin su rabon aiki da kayan aiki, ya ga ana saurara kuma ba a hukunta mai ja. Da ranar rikicin ce aka fara ce masa ya faɗi ra'ayinsa, da wuya ya yi.

Shi kansa Endenburg ya ga wani rauni da ya rage bayan an tsallake wannan siraɗi. Muddin kamfani mallakar mutum ɗaya ne ko iyali ɗaya, duk wannan shiri aro ne, domin mai dukiya yana iya tashi wata rana ya rushe da'irorin, ko ya sayar wa wanda bai san da su ba. Ma'aikaci kuma yana sane da haka, kuma saninsa yana iya sa ya auna bakinsa a gaban mai gida. A 1978 Endenburg ya kafa cibiyar koyar da tsarin domin wasu kamfanoni da makarantu da ƙungiyoyi su ɗauka, daga baya ya rubuta littattafai a kansa, ya yi digirin digirgir a 1992, ya kuma koyar a Jami'ar Maastricht. A ɓangaren kamfanin kuwa, a hankali ya fitar da hannun jarin daga mallakar iyalinsa ya mayar da shi ƙarƙashin gidauniya, aka kuma shigar da ƙa'idojin amincewa cikin dokokin kamfanin, ta yadda babu wani mutum ɗaya da zai iya soke su da ƙarfin dukiya. Daga nan kujerarsa a da'irar ƙoli ta zama ɗaya daga cikin kujeru, idan zagaye ya iso kansa a tambaye shi ko yana da ja, idan kuma yana da shi ya kawo hujja.